Yadda Ake Ɗaukar Hotunan Rayuwar Jama'a a Garin Bakin Teku: Abin da Badagry Ta Koya Mini

Ranar da na fara zuwa Badagry da kyamara na dawo da hotuna sun fi ɗari huɗu, amma da na zauna da daddare ina dubawa ban ga ko ɗaya da zan iya nuna wa mutum ba. Sarƙoƙin bayi a gidan tarihi, tsohon bene, bishiyar kwakwa, teku, sai kuma ƙeyar mutane. Ƙeya kam na ɗauke ta da yawa, domin duk wanda na ɗaga wa kyamara sai ya juya mini baya. Hoto sana'ata ce, biki da suna da fasfo nake ɗauka tsakanin Agege da Alaba Rago a nan Legas, inda mutum shi zai kira ka, ya tsaya yadda ka ce, ya kuma biya ka. A garin masunta babu wanda ya gayyace ka. Ga tsarin da na koma bi tun daga lokacin, kuma zai yi wa mai babbar kyamara amfani kamar yadda zai yi wa mai waya.

Mataki na farko: san garin kafin ka taka shi

Badagry tana can ƙarshen yammacin jihar Legas, dab da iyakar Seme da ke tsakaninmu da Jamhuriyar Benin. Asalin mutanen garin Ogu ne, waɗanda aka fi sani da Egun, suna da yarensu daban da Yarbanci ko da yake kusan kowa yana jin Yarbancin. Sarkinsu ana kiransa Akran. Abin da baƙo ya kamata ya gane tun da wuri shi ne garin bai zauna a kan teku kai tsaye ba. Ruwan da za ka gani a gaban titin Marina rafi ne mai kwanciyar hankali, sai ka tsallake shi da kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu, ka yi tafiyar ƙafa cikin rairayi, sannan ka isa ainihin tekun Atlantika. Ke nan ruwa biyu ne da su iri biyu, kuma hotonsu ba ɗaya ba ne.

Yawancin masu zuwa tarihi ke kawo su. Akwai benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya. Mu da muka san benayen ƙasa na Kano muna da ta cewa a kan wannan suna, amma wannan zance ne na wata rana. Akwai gidan tarihin da ke cikin tsohon ofishin Di'o na 1863, akwai kayan tarihi na gidan Mobee, akwai kuma kurkukun bayi na Seriki Williams Abass, wanda ya rasu a 1919. Kalmar Seriki ɗin nan sarkinmu ne na Hausa ya shiga bakin Yarbawa. Ka ziyarci waɗannan wurare, ka biya kuɗin shiga, ka tambaya ko an yarda a ɗauki hoto a ciki. Amma ka gama da su a rana guda. Duk wanda ya zo kafin kai ya ɗauki sarƙar nan, kuma ba ta canza ba. Abin da ke canzawa kullum shi ne mutanen da ke waje: masunta, masu banda, masu ɓare kwakwa, masu saƙar tabarma, da 'yan kasuwar Agbalata.

Hanyar da aka fi bi kuwa ita ce babban titin Legas zuwa Badagry, kimanin kilomita 60. Daga Mile 2 ake samun mota, a bi ta Okokomaiko da Agbara har shataletalen Badagry. Wanda ke cikin tsibirin Legas zai iya hawa jirgin ƙasan da ya fara aiki tsakanin Marina ta tsibirin Legas da Mile 2 a watan Satumba na 2023. Kada ka yi lissafin tafiyar da kilomita, ka yi shi da cunkoso. Shawarata ka tafi da yamma ka kwana a can, domin hasken da kake nema ba ya jiran wanda ya taso daga Agege da asuba. Ka riƙe katin shaidarka a aljihu: hanyar iyaka ce, shingen jami'ai ba ya ƙarewa.

Mataki na biyu: kaya kaɗan, kariya mai yawa

Kyamara ɗaya da gilashi ɗaya sun isa. Ni gajeren gilashi mai lamba 35mm nake ɗaurawa, wani lokaci mai 50mm. Dogon gilashin nan mai jawo abu daga nesa yana sa ka zama kamar ɗan leƙen asiri, kuma yana koya maka tsayawa nesa da mutane, wanda shi ne ainihin ciwon da muke son warkarwa. Sai batir biyu, katin memori biyu, da fawabank, domin wuta a can ma sai a hankali.

Abokan gabar kyamara a bakin teku uku ne: gishiri, rairayi da laima. Iskar teku tana ɗauke da gishiri ko ruwa bai taɓa ka ba, shi ke cin ƙarfe ya sa tsatsa. Rairayi yana shiga maɓallai. Laima kuwa ita ke haifar da fumfuna a cikin gilashi, ka ga wasu zare-zare kamar saƙar gizo, kuma idan ta kama sai mai gyara. Don haka ka sa waɗannan a jaka: leda mai zif wadda kyamara za ta shige, 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, robar hura iska, da ƙyalle mai laushi. Kada ka canza gilashi a bakin ruwa. Kada kuma ka goge gilashi kafin ka hure shi, domin ƙwayar rairayi ɗaya a ƙarƙashin ƙyalle ta isa ta bar maka zane har abada. Idan ɗakin da ka kwana akwai na'urar sanyaya ɗaki, da ka fito waje gilashin zai yi hazo. Bar kyamarar cikin jaka kamar minti 15 ta saba da zafin waje.

Mai waya shi ma ya nemi ledar waya mai igiya ta ratayawa a wuya. Silifas na roba, hula, ruwan sha. Fararen kaya masu guga ka bar su a gida.

Mataki na uku: rana ta farko, kyamara na cikin jaka

Nan ne aikin yake, kuma nan ne kowa ke son tsallakewa.

Da ɗan gari kan ci gari. Mu Hausawa mun yi sa'a, babu kasuwar da za ka shiga a Legas ka rasa naka: mai shayi, mai nama, mai albasa da tattasai, mai gyaran takalmi, ɗan acaɓa. Ka fara da teburin mai shayi ko masallacin da suke salla. Ka zauna, ka gaisa, ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka. Daga nan ka nemi a kai ka wurin Sarkin Hausawa ko wani dattijon da ake jin maganarsa. Ni da aka kai ni, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne daga Agege, mai hoto ne, ina so in ɗauki masunta da kasuwa." Dattijon ya dube ni ya ce, "Yaro, gwamnati ce ta aiko ka ko 'yan jarida?" Na ce babu ko ɗaya. Ya ce, "To ka faɗa musu haka tun kafin su tambaya." Ya haɗa ni da wani saurayi da aka haifa a garin, mai jin Hausa da Yarbanci da Egun. Wannan saurayi ya fi duk kayan da ke jakata amfani. Irinsa ka yi ciniki da shi tun farko, ka biya shi kuɗin yininsa, ka ciyar da shi.

Tambayar dattijon tana da dalili. Mutanen da ke zaune a bakin ruwa a Legas sun sha ganin an zo an ɗauki hoton unguwa, bayan kwana kaɗan sai ga takardar tashi. Garin iyaka kuma kowa na tsoron a ɗauke shi da kayan da ba ya so a gani. Don haka wanda ya juya maka baya yana da hujjarsa, kada ka ɗauka wulaƙanci ne.

Bayan naka, sai masu gari. Ƙauyukan masunta suna da Baale, wato mai gari, kasuwa kuma tana da Iyaloja, shugabar 'yan kasuwa. A kai ka ka gaishe su. Ka koyi gaisuwa ko uku ce: "E kaaro" da safe, "E ku ishe" wato sannu da aiki, "E she" na gode. Da Egun kuwa ka ce "A fon ganji?", ma'ana ka tashi lafiya. Za su yi dariyar yadda ka faɗa, kuma dariyar nan ita kake nema.

Sauran yinin ka yi yawo da ido kawai. Ina kwale-kwale ke sauka, da ƙarfe nawa? Ta ina rana ke faɗowa a rumfar masu banda? Wace rana kasuwa ke cika? Ka rubuta a waya. Ka sayi kifi, ka sha ruwan kwakwa, a ga fuskarka.

Mataki na huɗu: bi haske

Legas tana kusa da tsakiyar duniya, saboda haka lokacin fitowar rana da faɗuwarta ba ya nisa da juna duk shekara: tana fitowa tsakanin 6:30 da 7:00 na safe, ta faɗi tsakanin 6:30 da 7:00 na yamma, da ɗan bambancin mintuna. Tana kuma hawa da sauri. Haske mai laushi bai wuce awa ɗaya da rabi ba da safe, haka da yamma. Ka yi sallar asuba da kayanka a shirye.

Gaɓar tekun nan kudu take kallo. Idan ka fuskanci ruwa, rana za ta fito ta hagunka ta faɗi ta damanka, ba za ta nutse a tsakiyar teku a gabanka ba. Wannan alheri ne, domin haske yana zuwa ta gefe, ya fito da tsokar hannun masu jan taru da zanen da ke jikin kwale-kwale. Kana son fuskoki su fito, ka sa rana a bayan kafaɗarka. Kana son mutane su zama baƙar inuwa a kan ruwa mai ƙyalli, ka fuskance ta.

Daga 11:00 zuwa 3:00 rana na tsakar ka, idanu su faɗa rami, goshi ya yi ta ƙyalli. Lokacin shiga inuwa ne: rumfunan kasuwa, zaure, ɗakin banda. Ka kula da inuwar bishiyar kwakwa, tana yanka fuska tsaga-tsaga kamar an yi wa mutum zane.

Damina tana da nata kyan. Ruwa ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Hadarin da ke tasowa daga teku ya fi shuɗin sama kyau a hoto nesa ba kusa ba, kuma rana mai lumshi ita ce ta hoton fuska. A Disamba da Janairu hazon hunturu kan iso, ba kamar na Kano ba, amma ya isa ya mayar da rana jan faifai da za ka iya ɗauka kai tsaye.

Mataki na biyar: saita kyamara

Kyamara ba ta da wayo. Idan ta ga farin rairayi da sama mai haske sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, fuskar baƙin mutum ta koma gawayi. Maganinsa ka ƙara haske da kanka a maɓallin ƙari da ragin haske, +0.7 zuwa +1, ka duba fuskar, ita ce ma'auni. A waya ka taɓa fuskar mutumin a allo, ka danne har ta kulle, sannan ka ja alamar rana sama kaɗan. Idan baƙar inuwa kake so, ka yi akasin haka, ka rage zuwa -1.

Ga lambobin da nake farawa da su. Mai jefa birgi a rafi, ina so ragar ta tsaya cak a buɗe a iska: saurin ƙiftawa 1/1000 na daƙiƙa, buɗewar ido f/5.6, ISO (wato ƙarfin jin hasken kyamara) 400 da sassafe, kuma in sa kyamara ta riƙa ɗauka a jere. Masu jan taru a bakin teku, 1/500 da f/8 don na gaba da na baya duk su fito. Hoton fuska a inuwa, f/2.8 da 1/250, a saita a kan idon da ya fi kusa. Cikin ɗakin banda mai duhu, ISO 1600, f/2.8, kada ka sauka ƙasa da 1/125. Filasha ka kashe ta gaba ɗaya, tana kashe hayaƙi tana kuma firgita mutane. Idan kyamararka na ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka kunna, zai ba ka damar ceto sama da fuska a hoto ɗaya wajen gyara.

Ka kunna layukan nan da ke raba allo gida tara. Layin da sama ta haɗu da ruwa dole ya miƙe, in ba haka ba teku zai zama kamar zai zube ta gefe. Kada layin ya ratsa wuyan mutum: ka durƙusa kansa ya shiga sama, ko ka hau tudu ya shiga ruwa. Mai waya kada ya ja allo da yatsu don jawo abu, hoton fashewa yake. Ƙafarka ita ce zum ɗinka.

Mataki na shida: ɗauki aiki daga farkonsa zuwa ƙarshensa

Ka zaɓi abu ɗaya ka bi shi, maimakon tsince-tsince. Misali kifi. A gaɓar tekun akwai masuntan Egun da kuma waɗanda asalinsu daga Ghana ne, masu manyan kwale-kwale da aka yi wa fenti da rubuce-rubuce. Jan taru aiki ne na sa'o'i: layi biyu na mutane suna jan igiya da baya da baya, suna waƙa don ƙafa ta zo ɗaya, na ƙarshe ya saki ya koma gaba. Kada ka ƙare batir a farkon ja. Ka ɗauki faɗin wurin sau biyu ko uku, sannan ka matso ka ɗauki hannaye a kan igiya da dugadugan da suka nutse a rairayi. Abin kallo yana zuwa ne idan jakar tarun ta iso gaɓa, mata su taso da robobi a ka, ciniki ya kaure. A nan za ka tsaya a gefe, kada ka shiga tsakanin igiya da ruwa, kada ka tsallake raga. Idan aka miƙo maka igiya, ka rataya kyamara ka ja na minti biyar. Bayan haka babu mai kallonka a matsayin baƙo.

Daga nan ka bi robar kifin zuwa wurin banda. Nan na samu hoton da na fi so. Wata tsohuwa ce a rumfar da aka rufe da ganyen kwakwa, tana jera kifi a kan ragar ƙarfe bisa rabin durom, wutar ɓawon kwakwa na ci a ƙasa. Rana ta huda rufin ta wurare uku, hayaƙi ya mayar da hasken kamar sanduna. Kwana biyu ina zuwa ina sayen kifinta ban ɗaga kyamara ba. Rana ta uku na ce, "Mama, e ku ishe," na nuna kyamara. Ta ce, "Malam, tsaya." Ta shiga ciki ta canza ɗankwali, ta wanke fuska, ta dawo ta tsaya ƙiƙam kamar za a yi mata fasfo. Na ɗauki wannan, na nuna mata, ta ji daɗi. Sai ta koma aikinta ta manta da ni, a lokacin na ɗauki nawa. Tun daga ranar haka nake yi: hoton da mutum yake so shi ne na farko, nawa ya biyo baya.

Kada ka manta da namu. Mai shayin da ke kunna risho kafin asuba don masunta, mai naman da ke fifita wuta da yamma iskar teku na kaɗa hayaƙi, sahun sallar magariba a kan tabarmar da aka saƙa a garin, mai albasa yana ciniki da Yarbancin da ya gauraya da Hausa. Hotunan Hausawan Legas da ke yawo a intanet yawanci na rikici ne ko na rusau. Irin wannan zaman na yau da kullum ba a cika ɗaukarsa ba, kuma kai ne kake da harshen shiga.

Idan ke mace ce, kina da ƙofar da mu ba mu da ita: cikin gida, wurin kitso, madafa, taron suna. Ki yi amfani da ita, amma ki nemi izinin matar da na maigidan inda al'ada ta buƙaci haka.

A kowane abu ka nemi hoto iri uku, na nesa mai nuna wuri, na tsakiya mai nuna aiki, na kusa mai nuna hannu ko fuska. Batun bin abu ɗaya kuwa, mai hoto J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya yi aikinsa a nan Legas ya rasu a 2014, kitson mata ya bi yana ɗauka tun daga 1968, har ya tara kusan dubu, kuma da su duniya ta san shi.

Abin da ba a ɗauka

Shingen kwastan, na 'yan sanda, na sojoji da na jami'an shige da fice: kyamara ta koma jaka tun kafin ka iso. Haka jarkokin mai da buhunan da ake lodi a bakin ruwa. Ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ga shi kuma kana kusa da iyaka, don haka ka bar shi a gida.

Zangbeto, dodon Egun mai kama da tarin ciyawa da ke juyawa, a wurinsu mai gadin dare ne kuma yana da dokoki. Idan ya fito a biki a bainar jama'a, ka tambayi ɗan rakiyarka, shi zai tambayi masu shi. In ba a ce ka ɗauka ba, ka ba shi hanya. Wuraren bautarsu ma haka. Ba addininka ba ne, amma garinsu ne.

Yara za su bi ka suna ihu a ɗauke su. Ka nemi babba a kusa ya amince, kuma kada ka ɗauki yaro tsirara yana wanka, ko iyayensa sun ce ba komai. Dattijon da ya ce shi ba ya hoto saboda addini, ka ce "Allah ya ba da haƙuri, Baba," ka ci gaba da hira da shi.

Batun kuɗi: ni ba na biyan kuɗi a kan kowane hoto, domin da ka fara, gobe kowa zai tsaya maka da hannu a buɗe, aikin ya koma wasan kwaikwayo. Ina sayen abin da mutum ke sayarwa. Amma idan hoton talla za a yi da shi, wannan ciniki ne, sai a zauna da mai fuskar a yi yarjejeniya a rubuce a biya shi.

Ruwa ba wasa

Kada ka shiga kwale-kwale ba rigar kariya, kuma kada duhu ya same ka a tsallake. Tekun Legas yana da igiya mai ja ciki, ko gwanin iyo a kogi bai isa ya yi masa kuri ba. Ni na taɓa durƙusawa a jiƙaƙƙen rairayi na ba teku baya ina saita wani kwale-kwale, sai ji na yi ruwa ya rufe ni har ƙirji. Kyamarar ba ta sake tashi ba. Inda rairayi ya jiƙe, ruwa ya zo wurin kuma zai dawo. Idan tsautsayi ya faɗa, ka cire batir da kati nan take, kada ka kunna don ka gwada.

Mataki na bakwai: bayan ka dawo

A daren, ka hure kyamara, ka goge jikinta da ƙyalle mai ɗan danshin ruwan daɗi, ka busar, ka ajiye ta da 'yan ƙunshin shan laima. Ka kwashe hotuna zuwa wuri biyu, kwamfuta da wani faifan ajiya ko intanet, kafin ka share kati. Sunan jakar ya ƙunshi kwanan wata da wuri. Kowane hoto mai muhimmanci ka rubuta masa wane ne, ina ne, me yake yi, tun kana tunawa.

Zaɓe da rashin tausayi ake yinsa: cikin ɗari uku ka fitar da talatin, ka kwana, gobe ka mayar da su goma sha biyu. Wajen gyara, manhajar Snapseed ko Lightroom ta waya ta wadatar. Miƙe layin ruwa, ɗaga inuwa kaɗan, rage hasken sama. Kada ka haskaka fatar mutum har ya zama wani, kada kuma ka mayar da tekun nan mai ruwan toka-toka shuɗi kamar na kalanda. Wanda ya san wurin zai gane ƙarya ce. Idan za ka sa a Facebook ko Instagram, ka sa waɗanda masu su suka san za a sa, ka bar sunan mutum da kwatancen gidansa. Idan aikin ya taru, akwai bikin baje kolin hotuna na LagosPhoto da ake yi tun 2010, ka je ka ga yadda wasu ke jera labari da hotuna.

Mataki na takwas: mayar da hotuna

Zumunta a ƙafa take. Kowa ya saba da mai kyamarar da ke cewa zai turo, ba a sake ganinsa. Ka wanke hotunan a girman inci 5 da 7, ka sa a lulluɓe su da leda mai zafi saboda laimar bakin teku tana cinye takarda cikin 'yan watanni. Ka rubuta wata da shekara a baya kafin a lulluɓe. Wanda ke da WhatsApp ka tura masa, amma tsofaffi na hannu suke so. Ka fara kai wa Baale da Sarkin Hausawa nasu, sannan ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kowa a hannunsa, kada ka ba wani ya raba.

Da na kai wa tsohuwar nan nata guda biyu, na tsayuwar fasfo ta soke a jikin rufin rumfa, na hayaƙin kuwa ta juya shi ta sake juyawa ta ce wannan ai duhu ya yi yawa, ta miƙa wa jikarta. Sannan ta kira maƙwabciyarta mai saƙar tabarma ta ce gobe da safe Malam zai zo wurinta. Don haka ranar kai hotuna ka tafi da batir cike da kati wanda babu komai a ciki, ka kuma yi shirin kwana.